Zama Da Ciwon Tabon Jijiya

Akwai wani ciwo wanda yawancin jama'armu ba su san ko sunansa ba, balle su san halinsa, shi ne na ke so in yi mana bayaninsa a wannan fitowa. Ba daga littafi kaɗai na san shi ba. Yau shekara tara ke nan muna tare, ina koyarwa da shi, ina tuƙa tuwo da shi, na kuma yi goyo da shi. Turawa suna kiransa maltiful siklarosis, amma da ya ke sunan ya cika baki, su kan taƙaita su ce Em-Es. Ma'anarsa tabo mai tauri a wurare da yawa. Ni kuwa, tun da ba shi da suna da Hausa, sai na laƙaba masa ciwon tabon jijiya. Kada mai karatu ya ji sunan nan na Turanci ya zaci dangin sikila ne. Ba su haɗa kome ba: sikila ciwon jini ce, wannan kuwa na ƙwaƙwalwa ne da laka.

Kafin mu shiga zancen zaman yau da kullum, tilas mu san abin da ya lalace a jiki, in ba haka ba sauran bayanin ba zai shiga ba. Mu Hausawa kalma ɗaya mu ke da ita, watau jijiya, amma abu uku mu ke kira da ita: da hanyar jini, da igiyar da ta ɗaure nama da ƙashi, da kuma zaren nan mai kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da gaɓoɓi. To, ta ukun nan na ke nufi. Zaren nan yana sanye da wata farar riga mai maiƙo, likitoci suna ce mata mayalin. Aikinta irin na robar nan ne da a ke naɗe wayar lantarki da ita. Zaren da ke da riga, saƙo ya kan bi shi ya ci mita 100 ko fiye cikin sakan guda, wanda ba shi da ita kuwa da kyar saƙo ya ci mita ɗaya ko biyu. Ku dubi ratar, kamar ta jirgin sama da mai tafiya a ƙasa.

A jikin kowa akwai dakaru masu tsaron gida, su ne a ke kira garkuwar jiki, aikinsu yaƙi da ƙwayoyin cuta. A jikin mai wannan ciwo sai dakarun nan su ruɗe, su ɗauki rigar jijiya abokiyar gaba, su far mata. Wurin ya kumbura, rigar ta zube. In faɗan ya lafa jiki ya kan yi ƙoƙari ya yi faci, amma facin ba ya kai na asali, sai tabo ya rage. Duk wanda ɓera ya taɓa ci masa robar waya ya san abin da ke biyo baya: yau fitila ta kama, gobe ta yi ta ƙifta ido, jibi ta ƙi sam, alhali kuwa ƙwan lafiyarsa lau. Haka ƙafata ta dama ta ke. Naman lafiya, ƙashin lafiya, saƙo ne ba ya isa sosai.

Inda tabon ya faɗa, shi ke nuna abin da mutum zai ji. In jijiyar ido ce, gani ya yi dishi-dishi, idon ya riƙa ciwo in an juya shi. In ƙeya ce, wurin da ke daidaita tafiya, sai jiri da tangaɗi. In laka ce, ƙafa ta sage, ko mutum ya ji kamar kiyashi na yawo a fatarsa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa. Shi ya sa da wuya ka sami mutum biyu masu wannan ciwo labarinsu ya zo ɗaya. Wanda ya fara tattara alamun nan, ya haɗa su da tabon da ya gani a ƙwaƙwalwar waɗanda suka mutu, ya ce ciwo guda ne mai zaman kansa, wani babban likita ne na birnin Faris wai shi Sharko, cikin 1868.

Asalinsa dai ciwon ƙasashen sanyi ne, can ya fi yawa, can kuma aka fi saninsa. Ƙididdigar da tarayyar ƙungiyoyin masu ciwon ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke da shi. A Turai, cikin kowane mutum 100,000 a kan sami fiye da 100, a Afirka kuwa waɗanda aka gano ba su kai 10 ba. Tsibiran Okni da ke arewacin Sikotilan suna cikin wuraren da suka fi ko'ina, don binciken da aka buga a 2012 ya sami kamar mutum ɗaya cikin 250. Cikin kowane majiyyaci uku, biyu mata ne. Ya fi kama mutum tsakanin shekara 20 da 40, watau daidai lokacin da ya gama koyon sana'a zai fara cin moriyarta, daidai kuma shekarun yawancin masu karanta wannan mujalla.

Ba abu ɗaya ke kawo shi ba, abubuwa ne su ke haɗuwa. Akwai gado, amma kaɗan. Tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya, in guda ya kamu, sau ɗaya ne cikin huɗu ɗan'uwan ya kan kamu. Ɗan da uwarsa ko ubansa ke da shi, kamar biyu ne cikin ɗari. Akwai ƙarancin bitamin D, wanda fata ke yi in rana ta taɓa ta, ana kuma ganin yana cikin dalilan da ciwon ya fi yawa inda rana ba ta da ƙarfi. Akwai shan taba, da ƙiba lokacin balaga. Sa'an nan ga wata ƙwayar cuta mai suna Efstain-Bar, wadda aka gano a 1964. Cikin 2022 masanan Jami'ar Habad suka buga sakamakon bincikensu bisa jinin sojojin Amurka fiye da miliyan 10, suka ga bayan ƙwayar nan ta shiga jikin mutum haɗarin kamuwarsa ya kan ninka sau 32. Amma fa kusan kowane baligi a duniya yana ɗauke da ita, fiye da 90 cikin 100, ƙalilan ne kuma su ke samun ciwon. Saboda haka ciwon kansa ba a ɗaukarsa. Ku ci tuwo da mu kwano ɗaya, ba abin da zai same ku.

Yanzu ga halinsa wanda ya fi ruɗa mutane. Kamar kashi 85 cikin 100 na masu shi, ciwon zuwa ya ke yi ya koma. Ya taso kwana da kwanaki ko makonni, sa'an nan ya lafa, wani lokaci har mutum ya manta, sai bayan wata shida ko shekara uku ya sake ɓullowa ta wata gaɓa dabam. Sauran kuwa tun farko a hankali ya ke cin su, ba tashi ba kwanciya. Wani jikan Sarkin Ingila Joji na Uku, sunansa Ogastas Deste, ya rubuta labarin nasa da hannunsa. A 1822, yana da shekara 28, ya je jana'iza, sai ganinsa ya dushe har ya kasa karatu, daga baya ya dawo da kansa ba magani. Bayan 'yan shekaru ya soma gani biyu-biyu, sa'an nan ƙafafu suka yi nauyi. Ya sha magunguna iri-iri, ya yi wanka a maɓuɓɓugan Turai, a ƙarshe ya koma bisa kujera mai ƙafafu, ya mutu a 1848, shekara 20 kafin ciwon ya sami suna.

Wannan zuwa da komawa yana jawo ɓarna biyu. Ta farko, duk abin da mutum ya sha ana gab da lafawa, shi za a ce ya warkar da shi. Nawa ya fara ne da idon hagu, ya yi kamar mako biyar ya washe. Wata gwaggona ta rantse saiwar da ta jiƙa mini ce, har yau kuma ba ta sauka daga wannan magana ba, ni ma na bar ta, don ƙauna ce ta sa ta. Haka masu sayar da magani su ke samun suna a banza, majiyyaci kuma ya yi ta jinkirin zuwa wurin likita, ana ce masa sammu ne ko iska. Ta biyu ta fi ciwo. Mutane sun ga ka jiya kana jan ƙafa, yau sun gan ka a kasuwa garau, sai a soma raɗa, wai ciwon nata na ranar aiki ne. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, ban da wannan ciwo, shi fuska ba ta san labarinsa ba.

Da za a tambaye ni abin da ya fi damuna kullum, ba ƙafa zan ce ba, ba kuwa ido ba. Gajiya ce. Kamar takwas cikin goma na masu ciwon suna kuka da ita, kuma ita ta fi raba su da aiki. Matsalar ita ce sunanta. Da na ce na gaji, sai kowa ya ce ai shi ma ya gaji, ina wanda bai gaji ba a ƙasar nan? Amma ba iri ɗaya ba ce. Gajiyar mai lafiya aiki ke kawo ta, barci ya kore ta. Wannan kuwa ta kan sauko ne kamar an yafa maka jiƙaƙƙen bargo, ko da ka kwana sosai, ko da abin da ka yi bai wuce wanka da sa tufafi ba. Dalili kuwa, saƙon da ke tafiya a miƙe a jikin wani, a jikinmu sai ya yi ta kewaye yana neman hanya, ƙwaƙwalwa ta yi aikin mutum biyu don ta sami ladan mutum ɗaya.

Yadda na ke kwatanta wa mutanen gidanmu shi ne kuɗin cefane. Kowace safiya a kan miƙo mini ƙarfin yini a dunƙule, wata rana da auki, wata rana ba auki, ba kuwa a faɗa mini tun dare nawa za a ba ni. Wanka yana da kuɗinsa, hawa bene yana da nasa, tsayuwa gaban allo minti arba'in yana da nasa, har gardama ma tana da nata, ita kuwa da tsada. In na kashe duka kafin azahar, to, babu na tuwon dare. In na ci bashi, watau na matsa wa kaina don kunyar baƙi ko don biki, gobe da jibi zan biya da ruwa mai yawa. Saboda haka kome sai da lissafi. Darussana masu nauyi na roƙa a sa mini su da safe. Rabin darasi ina zaune bisa doguwar kujera, in ana bukatar rubutu mai yawa a allo sai in kira ɗalibi ya yi, su kuwa har so su ke. Albasa da kuɓewa a zaune na ke yanka su. Daka na bar wa injin niƙa. Bayan azahar na kan kwanta rabin sa'a, ko barci bai zo ba, kuma ba na jira sai na faɗi sa'an nan in huta, hutun da aka yi kafin a gaji ya fi araha. In akwai biki ran Asabar, tun Alhamis na ke tanadi, Lahadi kuma ba na alkawari da kowa. Wanda bai sani ba sai ya ce girman kai ne.

Abu na biyu shi ne zafi, a nan kuwa mu mutanen ƙasashen rana muka fi Turawa shan wuya, ko da ya ke su suka fi mu yawan ciwon. A 1890 wani likitan ido Bajamushe, Wilhelm Uhtof, ya lura waɗansu majiyyatansa ganinsu ya kan dushe in sun motsa jiki, ya dawo in sun huta. Daga baya aka gane ɗumin jiki ne. Jijiyar da rigarta ta zube, da ma da kyar ta ke kai saƙo, in ɗumin jiki ya hau ko da rabin digiri ne sai ta tsaya cik. Har akwai zamanin da likitoci ke sa wanda su ke zato cikin bahon ruwan zafi su ga ko alamu za su fito, sai da na'urar hoto ta zo aka bari. Fiye da rabin masu ciwon suna da wannan hali.

Ni zafin kudu mai gumi ya fi ba ni wuya bisa na arewa, don a kudu iska jiƙe ta ke, gumi ba ya bushewa, gumin da bai bushe ba kuwa ba ya sanyaya jiki. Watannin hunturu su ne sallata. Wajen Maris da Afrilu, da rana ta take, idon nan na hagu da ya warke tun tuni sai ya koma dishi-dishi, ƙafa ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Abin da ya kamata a sani shi ne, wannan ba sabon tashin ciwo ba ne, ba kuma sabon tabo ba ne. Tsohon ne ya ke magana, da jiki ya huce zai yi shiru, sau da yawa cikin rabin sa'a. Likitoci ba su kiran abu sabon tashi sai ya wuce sa'a 24, ba kuwa tare da zazzaɓi ba. Shi ya sa in alamu suka taso mini gaba ɗaya, abin da a ke fara dubawa shi ne zazzaɓin cizon sauro da cutar mafitsara, don sau da yawa su ne suka ɗumama jikin, da an yi maganinsu sai kome ya koma mazauninsa. Gidan sauro a wurina ba ado ba ne.

Dabarun yaƙi da zafi ba su da tsada. Ruwan randa mai sanyi a sha kaɗan-kaɗan duk yini. Jiƙaƙƙen tawul a wuya. Wanka da ruwan sanyi kafin fita, a bar ruwan zafi ko da hunturu ne, mai ɗumi-ɗumi ya isa. Tufafin auduga masu sauƙi, farare, ban da leshi mai nauyi. Mafici a jaka, don fanka sai da wuta, wuta kuwa kun san halinta. Girki shi ne babbar matsala ga mace, don murhu ba ya tausayi. Na kan yi miyar dare tun da sanyin safiya, tuƙin tuwo kuma a waje na ke yi inda iska ke kaɗawa, in ya gagara wani ya karɓa. Maigidana ya iya tuƙi yanzu, ko da ya ke ba ya so a faɗa.

Ƙafar dama ba ta ɗaga yatsu sosai, sai ta riƙa shafar ƙasa, ɗan tudu kaɗan ko bakin tabarma ya isa ya kayar da ni. Silifa na bar su, sai takalmi mai maɗauri ta baya. Sanda kuwa, mutane da yawa su kan ƙi ta don kada a ce sun tsufa ko sun naƙasa. Ni a ganina ta fi kowane magani saurin aiki. Tana rage faɗuwa, tana rage kuɗin cefanen da tafiya ke ci, tana kuma yi mini wani aiki da ban zata ba: tana magana a madadina. Mai tangaɗi ba sanda, a kan ce ya sha wani abu ne. Na taɓa jin yaran mota suna faɗar haka a tasha, da rana tsaka. Mai tangaɗi da sanda kuwa, sai a ce, "Sannu Hajiya, shigo gaba." Ranar da ƙafa ta ƙi, a zaune na ke salla. In na sunkuyar da kai wani lokaci na kan ji kamar lantarki ya bi gadon bayana har yatsu. Abin yana da firgitarwa, amma ba shi da haɗari, tabo ne a lakar wuya, wani likitan Faransa kuma mai suna Lermit ya bayyana shi a 1924.

Akwai waɗanda ba a son faɗa, amma tilas in taɓa su. Fitsari ya kan matsa ba sallama. Kowane wuri na shiga, kafin in gaisa na san inda makewayi ya ke. Waɗansu su kan rage shan ruwa don gudun kunya, wannan kuwa haɗari ne, don yana jawo cutar mafitsara da taurin bayan gida, ga shi yana ƙara zafin jiki. Akwai magani, akwai kuma horon da a ke yi wa mafitsara, sai dai likita ba zai sani ba in ba a gaya masa ba. Haka kuma tunani ya kan yi nauyi, kalma tana bakinka ta ƙi fitowa, ko a faɗa maka abu uku ka riƙe biyu. Ba hauka ba ne, ba kuwa wauta ba, jinkiri ne. Sa'an nan ga baƙin ciki mai nauyi, wanda kusan rabin masu ciwon su kan gamu da shi a wani lokaci na rayuwarsu. Wani sashinsa daga halin da mutum ya shiga ne, wani kuwa daga tabon kansa. Shi ma ciwo ne mai magani, "yi haƙuri" kaɗai ba ta isa.

Batun magani, har yau babu mai warkarwa ɗungum, duk wanda ya ce yana da shi kuɗinka ya ke so. Amma ba a zaune a ke ba. In ciwon ya taso da ƙarfi a kan ba da sitiroyid mai yawa kwana uku zuwa biyar, yana gaggauta lafawa, ko da ya ke ba ya sake inda ciwon ya dosa. Masu rage yawan tashin da sababbin tabo su ne aka fara samu a 1993, sa'ad da Amurka ta yarda da allurar intaferon. Yanzu ire-irensu sun fi 15, na allura da na haɗiya da na ƙarin ruwa, a 2017 kuma aka sami na farko domin masu irin nan da ba ya lafawa. An tabbata fara su da wuri ya fi amfani, don ba su goge tsohon tabo, sabo su ke hanawa. Cikasu tsada. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa uku daga cikinsu a jerin magungunan da ya wajaba kowace ƙasa ta tanada. Ɗaya daga ciki, ritukzimab, ƙarin ruwa ne da a kan yi kamar sau biyu a shekara, shi na ke karɓa, tanadin kuɗinsa kuwa tun daga watan da aka yi na baya mu ke farawa.

Da, likitoci cewa su ke mai wannan ciwo ya kwanta ya huta. A 1996 wani gwaji da aka yi a Jami'ar Yuta ta Amurka ya nuna waɗanda suka yi mako 15 suna motsa jiki sun fi ƙarfi, sun fi walwala, gajiyarsu ma ta ragu. Ni tafiyata bayan asuba ce, kafin rana ta fito, da miƙe-miƙen da ma'aikatan sashen gashi suka koya mini don kada ƙafa ta ɗaure. Mai shan taba kuwa ya bari, don tana gaggauta ciwon.

Ɗalibai mata su kan same ni a keɓe su ce, "Malama, to aure fa, da haihuwa?" Ciwon ba ya hana ɗaukar ciki. Wani bincike da aka buga a 1998 bisa mata fiye da 250 a Turai ya nuna tashin ciwon ya kan ragu ƙwarai a watanni ukun ƙarshe na ciki, ya ƙaru a watanni ukun farko bayan haihuwa, sa'an nan ya koma yadda ya ke. Sai a shirya da likita tun kafin ciki, don waɗansu magungunan ba su dace da mai ciki ba, a kuma tanadi mai taimako na bayan haihuwa. Wankan jego da tafasasshen ruwa, ga mai wannan ciwo, a bar shi. Surukata da aka yi mata bayani ba ta ja ba, ita ce ma ta riƙa surka mini ruwan.

Inda ciwon zai kai mutum ba ɗaya ba ne, ba na so in ɓoye wannan. Wata shahararriyar mai kiɗan babban gogen Turawa a Ingila, Jakilin du Fure, ta ajiye kiɗa a 1973 tana da shekara 28, ta mutu a 1987. Wata kuma 'yar Ingila, Kadina Koks, an gano nata a 2014, bayan shekara biyu ta ci zinariya biyu a wasannin naƙasassu na Riyo, ɗaya a gudu, ɗaya a tseren keke. Yawancinmu muna tsakanin biyun nan, ba zinariya, ba kuwa kwanciya, muna dai zuwa aiki. Binciken da aka yi a Kanada da Nowe ya nuna ciwon ya kan rage kamar shekara 7 daga tsawon rai, galibin waɗanda aka ƙirga kuwa sun kamu ne tun kafin magungunan yanzu.

Ku da za ku zama malamai, har waɗansunku shugabannin makarantu, abin da irinmu ke bukata ba shi da yawa: aji a ƙasa maimakon bene, kusa da makewayi, darasi da safe, kujera gaban allo, a kuma ɗauke mana tsayuwar rana ta taron safe da ranar wasanni. Ba alfarma ba ce zalla. Dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta hana a wulaƙanta mutum saboda naƙasarsa, ta kuma ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyar shiga, wa'adin kuwa ya cika. In kun gan mu da sanda kada ku fizge mu ta hannu, ku tambaya tukuna. In kun gan mu ba sanda kada ku ce, "Malama, ashe kin warke!" Ku dai ce ya jiki, ku kuma saurari amsar.

Wanda ya ga ganin idonsa ɗaya ya dushe tare da ciwo, ko wata gaɓa ta sage, ko yana gani biyu-biyu, abin kuma ya wuce yini da kwana, to, ya je asibiti ko da daga baya ya washe, ya nemi a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa da jijiya. Ni sai da na shekara uku ana ba ni maganin taifot a wani asibiti kafin a tura ni wurinsa. Yawancin masu irin alamun nan ba wannan ciwo ke gare su ba, don tarin fuka na gadon baya, da ƙanjamau, da ƙarancin bitamin B12 duk su kan yi kama da shi. Akwai ma wani ɗan'uwansa mai kama jijiyar ido da laka, Turawa na ce masa En-Em-O, wanda ya fi kama baƙar fata bisa Turawa. Tun 2004 aka gano alamarsa a jini, raba su kuwa wajibi ne, don waɗansu magungunan ciwon tabon jijiya ƙara masa ƙarfi su ke yi. Ana tantancewa da hoton Em-Ar-Ai, na'urar maganaɗisu da aka fara duba wannan ciwo da ita a London cikin 1981, wani lokaci kuma da ɗiban ruwan laka. Kafin ranar ganin likita, a sami ɗan littafi a rubuta kowace alama: ranar da ta fara, da ranar da ta tafi, da gaɓar da ta kama, da ko akwai zazzaɓi tare da ita. Da wannan lissafi likitan ya ke fara aiki kafin ya tura mutum hoto.